Wa Ke Zaune a Zaure?

A gidan gandu ba a wayar gari haka kawai a ce yau an raba tukunya. Ɗa ya yi aure, ya hayayyafa, sashensa ya yi masa kaɗan, kowa ya san ranar tana tafe, amma abin yana da tsari. Da farko sai an ga damina ta yi albarka rumbu ya cika, domin ba a raba gida da yunwa. Sannan a shiga tanadin komai biyu-biyu, turmi da taɓarya, garma da fartanya, tukunyar tuwo da ta miya. Abin da ya fi cin lokaci shi ne kundin gida, inda aka rubuta iyakokin gonaki da bashin da ake bin gida da wanda gida ke bin mutane. Dole a kwafe shi kaf, sabon gida ya tafi da nasa. Bayan an kwafe, wani dattijo ya zauna ya bi shi layi-layi ya ga ko alƙalami ya zame. Sai ya gamsu ake jan danga a tsakar gida, a kafa murhu na biyu. A kowane mataki akwai mai cewa a ci gaba, akwai mai cewa a dakata.

Babban hanjin mutum ba ya hutawa da irin wannan rabo. Shimfiɗar da ta lulluɓe cikinsa takan sabunta cikin ƙasa da mako guda. Idan aka sa ta a madubin likita za a ga miliyoyin ƙananan ramuka, a gindin kowane rami akwai 'yan ƙwayoyin halitta iyaye, waɗanda ɗakin binciken Hans Clevers a Utrecht ta ƙasar Holan ya gano alamarsu a 2007. Su ke haihuwa, 'ya'yansu su yi ta rabuwa suna hawa sama, da sun kusa bakin rami su daina rabuwa, su yi aikin 'yan kwanaki, su zube su bi bayan gida. Kowace ƙwaya kafin ta zama biyu sai ta bi matakai huɗu da masana suka laƙaba wa G1, S, G2 da M, wato cika rumbu, kwafar kundi, bitar kwafi, jan danga. Kundin nan shi ne DNA, kuma haruffansa a ƙwaya ɗaya sun kai biliyan 6.

Masu cewa a ci gaba iri biyu ne, kuma ɗaya ba ya aiki sai da ɗaya. Akwai furotin da ake kira CDK, wanda kullum yana gida kamar maigida, amma ba ya yanke hukunci shi kaɗai. Sai kawun da ya dace da wannan mataki ya iso ya zauna kusa da shi. Kawunnan su ne saikilin, kowanne da lokacinsa. Saikilin D shi ke fara zuwa, da labarin waje, cewa abinci ya wadata kuma maƙwabta na buƙatar sabon gida. Ya haɗu da CDK4 ko CDK6, su matsa wa uwargida Rb, mai riƙe da mabuɗin ɗakin kayan kwafi, har ta saki. Da ta saki babu komawa baya. Saikilin E ya shigo ya haɗu da CDK2 a fara kwafa, saikilin A ya raka aikin, saikilin B da CDK1 su ja danga. Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne sallama: duk kawun da ya gama nasa, ba a barinsa ya kwana. Ana rusa shi nan take. Tim Hunt ya lura da haka a 1982 a Woods Hole ta Amurka, yana nazarin ƙwan wata halittar teku mai ƙayoyi, ya ga wani furotin yana taruwa, ya ɓace daidai lokacin da ƙwaya ta rabu, ya sake taruwa. Leland Hartwell da Paul Nurse kuwa a jikin yis suka gano maigidan da shingayen dakatarwa. Su ukun suka raba kyautar Nobel a 2001.

Masu cewa a dakata sunayensu lambobi ne da ke nuna nauyinsu: p16, p21, p27, sai babbansu p53. Ukun farko aikinsu riƙe hannun maigida. Shi kuwa p53 dattijo ne da ba ya zaman zaure. Ana ƙera shi kullum, ana rusa shi kullum, rayuwarsa a ƙwaya lafiyayya ba ta wuce kamar minti 20 ba, domin wani furotin mai suna MDM2 na biye da shi yana sallamarsa. Sai an samu ɓarna a kundi sannan a bar shi ya tsaya. Idan ya tsaya sai ya kira p21 a dakatar da komai har a gyara. In ɓarnar ta fi ƙarfin gyara, ya umarci ƙwayar ta kashe kanta, gara a rasa gida ɗaya da a yaɗa gurɓataccen kundi cikin dangi.

A 1979 aka gano shi, David Lane da Lionel Crawford a Landan, Arnold Levine da Daniel Linzer a Princeton, da wasu a wasu wurare. Shekara goma ana yi masa mummunar fahimta. Tun da a cikin ƙari ake samunsa jibge, sai aka ɗauka shi ke hura wutar. Sankarar hanji ce ta wanke shi. A 1989 Suzanne Baker, tana ɗaliba a ɗakin binciken Bert Vogelstein a Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore, ta nuna cewa a irin wannan ƙari kwafi ɗaya na babin p53 da ke kuromozom na 17 ya ɓace, ɗayan kuma ya gurɓace. Abin da ƙari ke ƙoƙarin kawarwa har sau biyu ba zai zama abokinsa ba. Shekara guda bayan nan Eric Fearon da Vogelstein suka zana yadda gidan ke lalacewa sannu a hankali. Yawanci babin APC ke fara tafiya, a kusan 8 cikin 10 na wannan sankara a ƙasashen Turawa. Rashinsa ke sa wani furotin mai suna beta-katenin ya taru ya yi ta aika wa saikilin D goron gayyata ba dare ba rana, sai ƙaramin tsiro ya fito. Babin KRAS ya gurɓace a kamar 4 cikin 10, tsiron ya girma. Faɗuwar p53, a rabi ko fiye, takan zo daga baya, kusa da lokacin da tsiro ke rikiɗa ya zama sankara. Tafiyar takan ɗauki shekara goma ko fiye.

To, duk wannan ilimi ne na ɗakin bincike. A bakin ɗakin tiyata tambayar daban ce. An yanke hanji, an cire ƙari, ɗan majinyaci ya tare likita: "Likita, an cire duka? Baba ya rabu da shi ke nan, ko zai dawo?" Tambayar ba ta mutum ɗaya ba ce. A 2020 mutum kusan miliyan 1.9 aka samu da sankarar babban hanji da dubura a duniya, fiye da 900,000 kuma ta kashe, ita ce ta biyu a kisa bayan ta huhu.

Amsar da likita ke da ita tsohuwa ce. A 1932 Cuthbert Dukes, likitan duba nama a asibitin St Mark's da ke Landan, ya kasa sankarar dubura gida uku bisa nisan da ta yi: tana cikin bangon hanji, ta huda bangon, ko ta kai ga kaluluwa. Tsarin TNM na yau ma waɗannan tambayoyi yake yi, ya ƙara da tambayar ko ta isa hanta ko huhu. A Amurka, wanda aka kama tasa tana cikin bango, fiye da 9 cikin 10 na kai shekara biyar. Wanda tasa ta yi nisa zuwa wasu gaɓoɓi, ba su kai 2 cikin 10 ba. A matakin farko, inda ciwon ke cikin bango, tiyata ta wadatar. Mataki na 3, inda kaluluwa ta kamu, ana bin tiyata da kemo. A mataki na 2 gizo ke saƙa. Ƙari ya huda bango, kaluluwa fes. Kamar 8 cikin 10 tiyata kaɗai ta warkar da su, sauran kuwa ciwon zai dawo, kuma babu wanda ya san su waye. Babban gwajin QUASAR na Birtaniya, da aka buga a 2007, ya nuna cewa ba su kemo na ceton mutum 3 zuwa 4 ne cikin 100. Wato a jiƙa mutum ɗari da magani mai sa gudawa da gyambon baki da kasala, in an haɗa da oxaliplatin har da mutuwar yatsu da kan daɗe ba ta sake ba, domin amfanin mutum huɗu. Ga kuɗi, ga zirga-zirgar asibiti ta watanni. Duk likitan da ya san ciwon kansa zai so wata alama da za ta ware masa waɗanda ke cikin haɗari.

Nan tunanin ya zo, kuma tunani ne mai ma'ana. Labarin zuciya a tambayi fuska. Tun da sankara ciwon raba tukunya ne ba bisa ƙa'ida ba, me zai hana a leƙa zauren ƙarin a ga wa ke zaune? In dattawan dakatarwa suna nan, da sauran dama. In zauren ya cika da kawunnan gaggawa, a shirya. Hanyar leƙawar ma ba ta da tsada. Naman da aka yanko dama ana jiƙa shi a fomalin, a daskarar da shi cikin kakin kyandir, a fere shi siriri a ɗora a gilashi. Sai kawai a zuba masa wani sinadarin garkuwar jiki da ke kama furotin guda tak, duk inda ya kama wurin ya rine ruwan ƙasa. Likita ya duba ya ƙirga.

Farkon labarin ya yi daɗi. A 1997 Massimo Loda da Michele Pagano da abokan aikinsu suka duba p27 a ƙarin majinyata 149. Kamar 1 cikin 10 ba su da shi sam, kuma tsaka-tsakin rayuwarsu bayan gano ciwon wata 69 ne, alhali masu shi wata 151. Suka kuma gano abin da ya fi lambobin ban sha'awa: a waɗannan ƙari babin p27 lafiyarsa ƙalau, ana ƙera dattijon kamar kullum, sai dai kafin ya cire takalmi an kore shi. Injin rusa furotin ne ke cinye shi da wuri. Daga nan aka buɗe ƙofa. A shekarun da suka biyo baya, jami'o'i da dama masu ɗakin duba nama sun rina tsofaffin samfuransu da p53 ko p21 ko p27 ko saikilin D1 sun buga sakamako.

Sakamakon ya ƙi haɗuwa wuri ɗaya. Ɗauki p53 kansa. Mun ce dattijon kirki ba ya zaman zaure, yakan zo ne in an yi ɓarna ya gyara ya tafi. Saboda haka a ƙwaya lafiyayya rini ba ya kama shi sai ɗan tsilli-tsilli. Wanda ya gurɓace kuwa ba ya iya kiran MDM2 da zai sallame shi, sai ya taru ya cika zaure, gilashi ya yi ruwan ƙasa shar. Tsohon da ka tarar ya baje tabarma tun safe har dare, shi ne wanda aka daina jin maganarsa. Wannan an fahimce shi, aka riƙa ɗaukar rini mai ƙarfi a matsayin alamar gurɓata. Amma akwai wani irin gurɓata da ke datse furotin tun kafin a gama ƙera shi, zauren ya zama wayam, kuma bincike da yawa na wancan lokaci sun jefa waɗannan a kwandon masu lafiya. Mai leƙe ya ga babu kowa ya ce dattijo ya fita aiki, alhali an binne shi. Akwai kuma lafiyayyen p53 da ya taru don yana tsakiyar aiki, aka lissafa shi da gurɓatattu. A 2005 Alastair Munro da Sonia Lain da David Lane, shi wannan da ya gano furotin ɗin, suka tattara rahotanni 168 da suka ƙunshi majinyata 18,766. Suka sami ƙarin haɗarin mutuwa na kusan kashi 30 cikin 100 ga masu matsalar p53, amma rahotannin sun saɓa wa juna ƙwarai, kuma akwai alamar cewa binciken da bai ga komai ba yakan tsaya a aljihun tebur ba a buga shi. Ina girmama mutumin da zai sa hannu a takardar da ta rage wa abin da ya gano daraja a asibiti.

Saikilin D1 ya fi ba da mamaki. Bisa hankali, yawan kawun gaggawa mugun labari ne, kuma wasu ƙananan bincike sun ce haka. A 2009 Shuji Ogino da abokansa a Boston suka duba ƙarin mutum 602 daga cikin ma'aikatan jinya da sauran ma'aikatan lafiya da aka daɗe ana bibiyar rayuwarsu. Fiye da rabi suna da saikilin D1 mai yawa, kuma su ne suka fi daɗewa a raye. Haka Ki-67, wanda ba ya cikin masu hukunci amma yana nuna ƙwayoyin da ke tsakiyar rabo. A sankarar mama yawansa alamar tsanani ce da likitoci ke aiki da ita. A ta hanji bincike da dama sun ga akasin haka. Ita ma uwargida Rb, wadda ake kawarwa a sankarar idon yara da wani nau'in ta huhu, a hanji ba a cika taɓa ta ba, sau da yawa ma ƙaruwa take yi.

Wani ɓangare na rikicin na aikin hannu ne, kuma ba sai an daɗe a kansa ba. Wannan ɗakin bincike ya ce in kashi 10 na ƙwayoyi sun rine to akwai furotin, wancan ya ce sai kashi 50. Naman da ya kwana biyu a fomalin ba ya rinuwa kamar wanda ya yi sa'a shida. Mutum tamanin ba su isa a yanke hukunci ba, balle in mai binciken ya gwada iyaka biyar ya zaɓi wadda ta ba shi sakamako mai kyan gani. Saboda irin wannan aka fitar da ƙa'idojin REMARK a 2005 kan yadda za a riƙa ba da rahoton binciken alamomin ƙari.

Sauran ɓangaren daga halittar ne, kuma shi ya fi cancantar tunani. Kasancewa a gida daban, kasancewa a zaure daban. p27 yana riƙe hannun maigida ne idan yana cikin cibiyar ƙwaya. A wasu ƙari ana tura shi waje, can bayan gida, inda yake shiga wata hidima da ta shafi motsin ƙwaya. Mai ƙirga ruwan ƙasa bai damu da ina ya gan shi ba zai rubuta cewa yana nan. Sannan babu dattijon da ke zaune shi kaɗai. Kamar kashi 15 na wannan sankara suna da wata matsala dabam, ta rashin masu bin kwafi suna gyara zamewar alƙalami, abin da ake kira MSI. Irin waɗannan ƙari kundinsu cike yake da kurakurai, suna ƙera baƙin furotin da ke jawo hankalin garkuwar jiki, shi ya sa a matakan farko suka fi sauƙi. Kuma su ne galibi ke da p53 lafiyayye da saikilin D1 mai yawa. Binciken da bai ware su ba zai iya jingina wa kawu albarkar da ba tasa ba.

Dalilin da na fi ba nauyi shi ne wannan. Gidan da ke raba tukunya ba ji ba gani yana takura unguwa, amma in nan ya tsaya, likitan tiyata zai kewaye shi ya tumɓuke. Abin da ke kisa shi ne ɗan gidan da ya ɗaure kaya ya bi hanya ya je ya kafa a hanta. Rabuwa da ƙaura sana'o'i biyu ne, kuma da alama ƙwaya ba ta cika yin su lokaci guda ba. A 2001 Andreas Jung da Thomas Brabletz da Thomas Kirchner a Erlangen ta Jamus suka duba bakin gaɓar ƙari, inda ƙwayoyi ke ɓallewa ɗaya-ɗaya suna kutsawa cikin lafiyayyen nama. Suka tarar ƙwayoyin wurin suna da beta-katenin a cibiya, suna da saikilin D1, amma suna da p16 ma, kuma ba sa rabuwa sosai. Mafi haɗarin 'yan gidan ya dakatar da raba tukunya don yana shirin tafiya. Wanda ya leƙa zaure ya ga dattijon dakatarwa zaune daram, ya koma ya ce gida lafiya. Ga kuma wani juyi: magungunan kemo irin su 5-FU masu tsakiyar kwafa suke kamawa, saboda haka ƙarin da ke gaggawa yana iya zama wanda magani ya fi samu. A nan tambayoyi biyu suka cakuɗe, yadda ciwon zai kaya in an bar shi, da yadda zai amsa magani. Yawancin tsofaffin binciken sun zuba wanda ya sha kemo da wanda bai sha ba a kwano ɗaya.

A 2006 ƙungiyar likitocin sankara ta Amurka, ASCO, ta duba hujjojin ta ce ba su isa a yi aiki da p53 wajen hasashe ko zaɓen magani a sankarar hanji ba. Har yau babu p21 ko p27 ko saikilin a cikin abin da ake buƙata a rahoton ƙarin hanji. Ban ɗauki wannan a matsayin asara ba. Sanin tsarin ya haifi magunguna masu riƙe hannun CDK4 da CDK6, irin palbociclib da aka amince da shi a Amurka a 2015, waɗanda suka sauya jinyar wani nau'in sankarar mama, ko da yake a hanji ba su zama magani na yau da kullum ba. Sai dai furotin ya iya zama ginshiƙi wajen bayanin yadda ciwo ya faro, ya kuma kasa gaya maka komai game da Baba da ke kwance a gado na huɗu. Abin da ya lalace a rabin majinyata, ta hanyoyi iri-iri, ba ya raba mutane gida biyu da kyau.

Alamomin da suka samu shiga asibiti kowace da takamaiman hukuncin da take sauyawa. Gurɓatar KRAS ko NRAS na nufin kada a ɓata kuɗi a kan maganin cetuximab, ba zai yi aiki ba, abin da ya tabbata ga KRAS a 2008, ga NRAS kuwa daga baya. Gurɓatar BRAF, a kamar 1 cikin 10, alamar tsanani ce in ciwon ya bazu, kuma yana da nasa magani. MSI a mataki na 2 na nufin 5-FU shi kaɗai ba zai ƙara komai ba, in kuwa ciwon ya bazu yana nufin maganin zaburar da garkuwar jiki irin pembrolizumab na iya yin abin mamaki. Ƙirga waɗancan 'yan ɓalle-ɓalle na bakin gaɓa ma ya samu ƙa'ida a wani taro a Bern a 2016, kuma ba ya buƙatar wani rini na musamman. Sabuwar hanya kuwa ta bar zaure gaba ɗaya ta koma bakin hanya. Bayan tiyata a ɗebi jini a nemi yagaggun shafukan kundin ƙari. In an same su, wani ya riga ya fita yana raye a wani wuri. A gwajin DYNAMIC na Ostareliya, wanda Jeanne Tie ta jagoranta tare da ɗakin binciken Vogelstein aka buga a 2022, an kasa majinyata 455 masu mataki na 2. Inda aka bi gwajin jini, kashi 15 aka ba kemo. Inda aka bi tsohuwar hanya, kashi 28. Bayan shekara biyu waɗanda ciwon bai dawo musu ba sun kai kashi 93.5 da 92.4, kusan kunnen doki. An rage masu shan magani da kusan rabi ba tare da sakamakon ya lalace ba.

Kusan duk lambobin nan daga jikin Turawa da Amurkawa da mutanen gabashin Asiya aka samo su, kuma akwai dalilin yin hattara kafin a ɗora su a kan namu. A 2021 Olusegun Alatise na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife da Peter Kingham na asibitin Memorial Sloan Kettering a New York, da abokan aikinsu, suka kwatanta majinyatan Najeriya da na can. Na Najeriya sun fi ƙuruciya, ciwon ya fi kama dubura, kuma mafi yawa sun iso ya riga ya yi nisa. Wanda ya san yadda ake kiran duk jinin da ya biyo bayan gida basir, a yi shekara ana jiƙe-jiƙe, ba zai yi mamaki ba. Ga mutumin da ciwonsa ya isa hanta, muhawarar p27 ba ta da wurin zama. A samfuran da suka karanta kundinsu, waɗanda ba su kai ɗari ba, gurɓatar APC da aka ɗauka ƙofar shiga ce ta kowa ba ta kai kashi 40 ba a cikin ƙarin da ba su da MSI. Masu MSI kuwa sun haura ɗaya cikin huɗu, kusan ninkin abin da aka saba gani a Amurka. Samfuran kaɗan ne, daga kudu maso yamma kuma aka tattaro su, amma in abin ya tabbata a wasu yankuna, gidan yana lalacewa ta wata ƙofa dabam a wurin da yawa daga cikinmu.

Shi ya sa in dangi suka karɓo rahoton naman da aka yanko, abin dubawa shi ne zurfin da ƙari ya yi a bango, ko an samu kaluluwa aƙalla 12 an duba kuma nawa suka kamu, ko bakin yankan ya fita fes, ko ƙari ya shiga jijiyoyi. In asibitin na da halin yin rinin nan na ruwan ƙasa, furotin huɗu na masu gyaran kwafi, MLH1, MSH2, MSH6 da PMS2, su suka fi cancantar kuɗin. Rashin ɗayansu na sauya maganin da za a ba majinyaci, wani lokaci kuma yana tona ciwon gado da ake kira Lynch, wanda ke nufin 'ya'yansa da 'yan'uwansa na jini da suka gaje shi su fara zuwa a leƙa hanjinsu da na'ura tun suna 'yan shekara ashirin da wani abu.